Yadda na gyara na'urar gano tsagewar ƙarfe da ta daina nuna komai

Na'urar maganaɗisu mai ƙafa biyu da nake duba walda da ita ta daina nuna tsagewa, har a kan guntun ƙarfen gwaji da na tabbata yana da tsaga. Hankalina ya tashi, domin tsagar da ido bai gani ba ita ce ke karya ƙugiyar ɗaga kaya.

Na fara da gwajin ɗagawa. Ƙa'idar ASME, wato ƙungiyar injiniyoyin injuna ta Amurka, ta ce na'urar da ke aiki da wutar AC (irin wutar gida ko ta janareta) dole ta ɗaga ƙarfe mai nauyin kilo 4.5, tawa kuwa da na ɗaga ta sai ƙarfen ya zame ya faɗi. Da na kwance gaɓoɓin ƙafafunta, sai na tarar garin ƙarfe da tsatsa sun cushe su, abin da ya hana tafin ƙafafun zama daram a kan ƙarfe. Na goge su, na ɗaure kusoshin, sannan na cire doguwar siririyar wayar da na jona daga janareta, wadda ke rage ƙarfin wuta. Nan take na'urar ta riƙe nauyin.

Sauran kuskuren nawa ne, domin na jera ƙafafun a kan layin tsagar, alhali garin ƙarfen da ake fesawa don ya nuna tsaga yana taruwa ne inda tsaga ta gitta hanyar maganaɗisun. Da na juya na'urar a gicciye, na fesa siririn farin fenti da baƙin ruwan garin ƙarfe, sai layin ya fito siriri kamar gashi.