Kurakuran da aka fi yi wajen kwaso bayanai daga shafukan da JavaScript ke cikawa

Matasa da yawa masu koyon Python a Abuja kan gwada hannunsu da tattara kuɗin hayar gidaje a Gwarinpa da Kubwa da Lugbe daga shafukan dillalai. Mutum ya haɗa requests da BeautifulSoup, kayan aikin Python na karɓo shafi da tsinto bayanai daga cikinsa, ya tura, sai fayil ya dawo fayau, alhali a burauza ga gidaje nan birjik. Dalili kuwa, ƙwarangwal ɗin shafin kawai sabar ta aiko. JavaScript, harshen shirin da burauza ke gudanarwa, shi ne ke zuwa daga baya ya ɗebo bayanan ya zuba, shi kuma requests bai san wannan aikin ba. Danna Ctrl+U a burauza don ganin ainihin abin da sabar ta aiko, ka nemi farashin da kake gani a allo. In babu shi, to ka gano matsalarka.

Daga nan sai a garzaya wajen Selenium, kayan aikin da ke sarrafa burauza kai tsaye, kuma a ganina nan aka fi yin asara. Selenium, ko Playwright da Microsoft ya fitar a 2020, burauza sukutum suke buɗewa, da hotuna da tallace-tallace, su cinye data su zuƙe batir. Kafin ka kai can, danna F12, shiga Network, zaɓi Fetch/XHR, ka sake loda shafin. Sau da yawa za ka ga adireshin da shafin kansa ke karɓo bayanan a tsarin JSON, wato tsararren rubutu mai ware kowane bayani, farashi daban, unguwa daban, yawan ɗakuna daban. Ka duba ko akwai lambar shafi a jikin adireshin, don ita za ka riƙa sauyawa maimakon gungurawa ƙasa ba iyaka. Shafukan da aka gina da Next.js, wani kayan gina shafuka, ma wani lokaci bayanan na kwance cikin wani sashe na shafin mai suna __NEXT_DATA__ tun aikowar farko.

In dole sai da burauza, a daina dogaro da time.sleep, umarnin da ke sa shiri ya dakata na ƙayyadadden lokaci. Daƙiƙa 5 da ta isa da safe a Wuse ba za ta isa da yamma a Kubwa ba idan sabis ya ja baya. Ka sa shirin ya jira bayyanar ainihin abin da kake nema, da WebDriverWait a Selenium ko wait_for_selector a Playwright. Kada kuma ka dogara da sunayen class, wato laƙabin sassan shafi, masu kama da kalmar sirri, suna iya canzawa duk sanda aka sabunta shafin. Kuma ka riƙa adana abin da ka samu bayan kowane shafi, saboda ɗaukewar wuta.

Akwai masu aika buƙata ɗaruruwa a minti guda, su ga 429 ko 403, lambobin da sabar ke nuna ta ƙi amsa buƙata da su, su fara neman hanyar zagayewa. Sabar nan kuɗin wani ke riƙe da ita. Karanta robots.txt, fayil ɗin da ke faɗin inda aka yarda shirye-shirye su shiga, da sharuɗɗan shafin, ka sa tazara tsakanin buƙatu.

Lambobin wayar dillalai da sunayen masu gida kuwa bayanan mutane ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda Hukumar Kare Bayanai ta Najeriya (NDPC) ke kula da ita, tana aiki a kansu ko da a fili aka wallafa su. In farashi kake nazari, cire waɗannan bayanai tun kafin su shiga fayil ɗinka.