Yadda Za Ka Canza Lasifikar Wayarka da Hannunka

Wayar da ta daina fitar da sauti, ko wadda muryarta ta dushe ta koma kamar ta mai fama da mura, ba dole ne sai an kai ta wurin mai gyara ba, domin lasifika tana daga cikin sassan da suka fi sauƙin canzawa a yawancin wayoyin da jama'armu suke riƙewa, irin su Tecno da Infinix da itel da Redmi da ƙananan Samsung. Cire tsohuwa da saka sabuwa aiki ne na 'yan mintoci kaɗan. Inda wahalar take shi ne kafin a kai ga wannan mataki, wato tabbatar da cewa lasifikar ce ta lalace da gaske, da kuma buɗe wayar ba tare da an yi wata ɓarnar da ta fi ta farko ba.

Kusan kowace waya tana da lasifika aƙalla guda biyu. Akwai ƙarama a sama, wadda kake jin muryar mai kira da ita idan ka kara wayar a kunne, sannan akwai babba, wadda galibi take ƙasa kusa da ramin caji, a wasu wayoyin kuma a baya. Ita babbar ce take fitar da ƙarar kira da karatu da sautin bidiyo, kuma masu gyara kan kira ta ringa. Saboda haka ka fara da kiran wani. Idan kana jinsa sarai a kunne, amma da ka saka wayar a bayyane sai ka ji shiru ko ƙugi, to ta ƙasa ce. Idan akasin haka ne, ta sama ce. Idan kuwa kai kana jinsa shi ne ba ya jinka, maganar ba ta shafi lasifika ba sam, makirufo ne. Masu wayar Samsung suna da hanya mai sauƙi: a yawancinsu, idan aka danna *#0*# a wurin kira, wani shafin gwaji zai fito, inda za a iya gwada kowace lasifika ita kaɗai.

Kafin ka yanke hukunci, ka kashe Bluetooth, don sau da yawa waya tana aika sautinta ne zuwa wata na'urar da aka manta da ita a ɗaki ko a mota. Ka duba saman allo ko akwai alamar abin sauraro na kunne alhali ba ka saka komai ba, domin datti ko danshi a cikin raminsa kan sa wayar ta ɗauka an soka shi. Ka kashe wayar ka sake kunna ta. Idan kuma lasifikokin biyu suka mutu a lokaci guda, musamman bayan faɗuwa ko shigar ruwa, abin da ya fi yiwuwa shi ne matsalar tana jikin fanel, wato faifan cikin waya da ƙananan sassan lantarki suke manne a kai, a wurin ƙwayar da take sarrafa sauti, kuma wannan gyaran ba na gida ba ne.

Akwai wani abu da ya kamata a tsaya a kansa, domin a ganina ya fi kowane dalili yawa a wurarenmu, shi ne toshewa. A gaban kowace lasifika akwai wata raga mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya iya gani da kyau. Ƙurar hunturu tana haɗuwa da gumi da man shafawa da zaren aljihu ta zama kamar laka, ta liƙe ragar nan, sai sauti ya riƙa raguwa a hankali har mutum ya zaci lasifikar ce ta gaji. Bayan haka, a cikin lasifika akwai maganaɗisu, wanda yake jawo garin ƙarfe. Duk wanda ya taɓa buɗe wayar mai walda ko bakanike ko maƙeri ya san abin da nake nufi: za ka tarar da baƙin gari ya tsaya cirko-cirko a fuskar lasifikar kamar gashin da bai daɗe da tsirowa ba, ya danne siririyar fatar da take girgiza ta samar da sauti. Don haka ka samo busasshen burushin goge baki mai laushi, ka kifa wayar yadda dattin zai zubo ƙasa, ka goge ramukan a hankali. Kana iya ɗan jiƙa bakin burushin da sifirit, amma kada ka zuba shi kai tsaye a cikin ramin. Kada kuma ka yi amfani da allura ko tsinken sakace, domin huda ragar abu ne mai sauƙi, ga shi ƙaramin ramin da yake kusa da wurin caji na makirufo ne, wanda suka ɗaya kan iya kashe shi. Idan sautin ya dawo, aikinka ya ƙare ke nan ba ka kashe ko kwabo ba.

Idan bai dawo ba, sai batun sayen sabuwa. Ka fara tambayar kanka ko garantin wayar ya ƙare, domin yawancin kamfanoni suna bayar da na shekara ɗaya, kuma buɗe waya a gida yana rushe shi. Masu Tecno da Infinix da itel, waɗanda duk kamfanin Transsion ne yake ƙera su, suna iya zuwa cibiyar gyaran wayoyin kamfanin, wato Carlcare, idan wa'adin bai cika ba. Sannan kada ka sayi lasifika da sunan waya kawai, ka saya da lambar samfurinta, wadda za ka gani a jikin kwali ko a cikin saitin wayar, a sashen bayanin waya. Misali, Galaxy A12 da aka fi sani tana ɗauke da lamba SM-A125F, kuma wayoyi biyu masu suna kusan iri ɗaya kan bambanta a ciki. A Kano ana samun irin waɗannan kayayyaki a kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut, a Legas kuma a Computer Village da ke Ikeja. Abin da ya fi shi ne ka cire tsohuwar tukuna ka tafi da ita, a ajiye su gefe da gefe a kwatanta. Ni kam na fi amincewa da ta asali da aka ciro daga matacciyar waya irin taka a kan sabuwa ta kwaikwayo, domin ta kwaikwayon sau da yawa ƙararta ba ta kai ta asali ba, kuma tana yin ƙugi idan aka ƙure ta.

Kayan aikin ba su da yawa: ƙaramin sukurudireba mai bakin giciye, lamba PH000 ko PH00, da hantsaki, da tsohon katin roba siriri, da wani abu na roba mai baki da za a riƙa ɓamɓare mahaɗai da shi, da na'urar busar da gashi, da gam na waya irin B-7000 ko T-7000, da mitar gwada kayan lantarki idan akwai. Kada a kusanci waya da gam mai saurin kamawa da ake liƙe takalmi da shi, domin yana daskarewa kamar dutse ya hana a sake buɗe ta.

Ka kwashe hotunanka da lambobinka ka adana a wani wuri. Ka bar cajin ya sauka ƙasa da kashi 25 cikin ɗari, saboda batirin waya yana iya kamawa da wuta idan aka huda shi, kuma cikakken batir ya fi haɗari. Ka kashe wayar gaba ɗaya, ka zare mazubin layi, wanda mantawa da shi ya sa mutane da yawa sun tsaga murfi suna ta fama da ƙarfi. Ka zauna a kan tebur mai haske, ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka kashe fanka, ka kuma zaɓi lokacin da yara ba sa kusa.

Murfin baya iri biyu ne. Na roba da yake zagaye gefen waya maƙale yake da 'yan haƙora, sai a sa katin a tsagar da ke tsakaninsa da allo, a fara daga wurin mazubin layi, a bi gefe-gefe ana jin haƙoran suna saki ɗaya bayan ɗaya. Na gilashi ko na roba mai sheƙi kuwa da gam aka liƙe shi, don haka sai an ɗumama gefensa na minti biyu zuwa uku, har ya yi zafin da hannu zai iya taɓawa amma ba zai so ya daɗe a kai ba. Sannan a cusa katin ta ƙasa, kada ya shige fiye da milimita 3, a riƙa yanka gam ɗin a hankali, duk inda ya cije a sake ɗumamawa maimakon a ƙara ƙarfi. Idan wayarka tana da wurin ɗora yatsa a baya, ka sani akwai wata siririyar waya mai faɗi da ta haɗa shi da fanel, wadda a wasu wayoyin take manne da murfin. Ka buɗe murfin kamar mai buɗe littafi, ka leƙa ciki tukuna, kada ka fizge shi.

Da ka shiga ciki, ka ɗauki hoton yadda komai yake da wata wayar. Daga nan abu na farko shi ne raba batir da fanel. Za ka kwance murfin robar da ya rufe fanel ɗin sama, ka nemo mahaɗin da ya taso daga batir, ka ɗaga shi da abin roba ko da farce, ba da ƙarfe ba. Kashe waya ba ya yanke wuta daga fanel, kuma bakin sukurudireba da ya zame ya haɗa wurare biyu yana iya ƙona abin da ya fi lasifika tsada nesa ba kusa ba. Idan ka ga batirin ya kumbura, ko kana jin wani wari mai ɗan zaƙi-zaƙi, ka dakata nan take ka kai wa masani.

Game da sukurori, ka zana siffar wayar a takarda, duk wanda ka kwance ka ajiye shi a daidai gurbinsa a kan zanen. Ga ido duk ɗaya suke, amma a wasu wayoyin tsawonsu ya bambanta. Na taɓa mayar da dogo a ramin gajere a wata tsohuwar wayata, ina ɗaurewa na ji ya ƙi zama, na ƙara masa ƙarfi, sai da na juya wayar na ga wani ɗigon baƙi ya bayyana a ƙasan allo, inda bakinsa ya danno daga ciki. Ka kuma lura cewa akan ɓoye sukuru ɗaya a ƙarƙashin wata 'yar farar takarda, don haka idan murfin ciki ya ƙi tashi, ka nemo wanda ya rage.

Babbar lasifika takan zo a ɗaya daga siffofi uku. A wayoyi da yawa tana cikin wani baƙin akwatin roba da ya rufe ƙaramin fanel na caji, da ka kwance sukurorinsa sai ya taso gaba ɗaya, kuma gaba ɗayansa ake canzawa. A masu sauƙin kuɗi, ita kaɗai ce 'yar ƙarama mai kusurwa huɗu, a liƙe cikin gurbi, da ƙafafu biyu masu lanƙwasa da suke taɓa wasu wurare biyu masu ruwan zinariya a jikin fanel. Irin wannan sai a ɗan ɗumama ta, a sa hantsaki ta gefe a ɗago ta. Ta uku ita ce mai wayoyi biyu, ja da baƙa, da aka liƙe da dalma, wadda ban ba wanda bai taɓa riƙe ƙarfen dalma ba shawarar ya koya a kanta ba. A duk cikinsu ka kula da wata siririyar waya kamar zare, fara ko baƙa, da take bi ta gefen batir. Ita ce ta eriya, kuma idan ta tsinke ko ta fita daga mazauninta wayar za ta rasa sabis.

Idan kana da mita, ka auna tsohuwar kafin ka jefar. Ka saita mitar a ma'aunin om, ka ɗora bakinta a ƙafafun biyu. Lafiyayyar babbar lasifika takan nuna kusan om 8, ta kunne kuma kusan om 32. Idan mitar ba ta nuna komai ba, wayar cikinta ta tsinke, ka tabbata ita ce mai laifin. Idan kuwa ta nuna daidai, ka duba ko ƙafafun ne suka kwanta ba sa taɓa fanel, ko wuraren nan biyu sun yi tsatsa. Ɗan ɗago ƙafafun da goge wuraren da sifirit kan isa a wasu lokutan.

Kafin ka zaunar da sabuwar, ka goge ragar ta ciki tunda yanzu ta fito fili. Ka duba bakin tsohuwar, idan akwai wata 'yar roba ko soso da ya zagaye shi kuma sabuwar ba ta zo da nata ba, ka cire ka mayar mata. Ƙanƙantarta ta sa ake raina ta, alhali ita ce take tilasta wa sauti ya bi ta ramin waje, kuma idan babu ita sai ya watse a cikin waya ya fito a shaƙe. Ka zaunar da sabuwar yadda tsohuwar take a hoton da ka ɗauka, ka ɗaure sukurori har su tsaya ba tare da matsawa ba, ka mayar da mahaɗin batir a ƙarshe, ka danna shi a hankali har ka ji ya shiga. Ka kunna wayar ka gwada sauti da kira da caji da sabis da wurin ɗora yatsa tun ba ka rufe ba. Sai komai ya yi daidai sannan ka kankare tsohon gam, ka ja siririn layi na sabo a gefe, ka rufe, ka ɗaure wayar da robar ɗaure kuɗi na wasu sa'o'i. Wayar da a da take jure ruwa, mai alamar IP67 ko IP68, kada ka ƙara dogara da wannan juriyar bayan an buɗe ta.

Masu iPhone suna buƙatar ƙarin hattara. Sukurorin ƙasanta biyu masu kai kamar tauraro mai tsini biyar ne, daga iPhone 7 ta 2016 kuma an ƙara wasu masu baki uku a ciki, kowanne da nasa sukurudireba, ga shi yawancinsu ta gaba ake buɗe su, wato allon ake ɗagawa. Lasifikar ƙasa tana canzuwa a gida ga mai haƙuri. Amma daga iPhone X zuwa iPhone 12, lasifikar kunne tana haɗe da wani sashe na Face ID wanda aka ɗaure da wannan wayar kaɗai, ta yadda idan aka canza haɗin gaba ɗaya, sauti zai dawo amma wayar ba za ta ƙara gane fuskar mai ita ba. Gyaran da ya dace shi ne a narke dalma a cire lasifikar kaɗai a ɗora sabuwa a kan tsohon haɗin, kuma wannan aikin mai gyaran da ya ƙware ne.

Idan ka saka sabuwa a kowace irin waya amma har yanzu shiru, ka sake buɗe mahaɗin faffaɗar wayar da ta haɗa fanel ɗin sama da na ƙasa ka mayar da shi da kyau, domin ta nan sautin yake bi ya sauko. Idan hakan bai yi ba, ka haɗa tsohuwar lasifikar da wayar ka kai wa mai gyara, ka faɗa masa dalla-dalla abin da ka taɓa da abin da mita ta nuna, don ya fara bincikensa daga ƙaramin fanel na caji ya haura sama.