Tsohuwar mota ta lalace: a gyara ne ko a kai ta gwangwan?

Kafin komai ka cire kuɗin da ka riga ka kashe mata daga lissafi. Na san da ciwo, mutum zai ce haba, bara fa na sa mata sabbin tayoyi na canza batir na yi fenti, yanzu kuma in miƙa wa 'yan gwangwan? To wancan kuɗin ya riga ya tafi, ko ka gyara ko ka sayar ba dawowa zai yi ba.

Lambobi uku kawai kake nema: nawa gyaran zai ci, nawa motar za ta yi a kasuwa idan an gama gyaran, sannan nawa za a ba ka in ka sayar da ita a yadda take. Misali a ce bayan gyara za ta yi 100, yanzu a kwance ana taya ta 30, gyaran kuma 80 ne. Ka ga 80 na gyara da 30 da ka ƙi karɓa ya zama 110 kenan, ka zuba 110 don ka samu abin 100, to sayarwa ta fi. Kuma kar ka tsaya kan bakanike ɗaya, ka ji bakin mutum biyu ko uku, sannan duk abin da suka faɗa ka ɗora wani abu a kai, don sai an kwance inji ake jin "oga ashe wannan ma ya tafi".

Inda ni na fi tsayawa shi ne shasi. Inji ana sauke shi a ɗora wani, giya ma haka, amma yawancin ƙananan motocin yanzu bodi da shasi a haɗe suke abu ɗaya, in ya lanƙwashe a hatsari ko tsatsa ta cinye shi to ƙashin bayan motar ne ya karye. Ka sa a ɗaga ta ka leƙa ƙasa da kanka, ka ɗauki sukundireba ka dinga tsokanar wuraren da suka yi tsatsa, musamman inda shokozoba ke zaune da ƙasan ƙofofi, in ƙarfen yana ɓurmawa magana ta ƙare. Ka duba ko ƙofofi na rufuwa daidai, ko motar na ja gefe ɗaya, ko taya na cinyewa ta ɓangare guda duk da an yi alayimen. Mai gyaran bodi zai iya ja ya buga ya shafa fenti ta fito tana ƙyalli kamar sabuwa, amma ƙarfen da aka miƙar da ƙarfin tsiya ba zai tare bugu kamar na asali ba, kuma iyalinka ne za su zauna a ciki. Haka jakar iska, in ta fashe sai dai sabuwa, wlh kar ka yarda a liƙe maka wurin a bar shi wayam.

Sai inji. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga man ya koma fari-fari kamar an dama shi da madara to ruwa na shiga, wataƙila gaskit ne, wataƙila kuma kan injin ne ya tsage. Hayaƙi shuɗi a salansa na nufin tana ƙona baƙin mai. Ƙwanƙwasa mai nauyi daga ƙasan inji kuwa ita ce ta fi muni. Duk da haka in bodin lafiya lau yake kuma ana samun kayan gyaran motar cikin sauƙi, sauya inji ba hauka ba ne. Giya otomatik ka shinshina manta, in ya yi baƙi yana warin ƙuna tana kuma zamewa, sa shi cikin manyan kuɗi.

Motar da ruwa ya shanye har dashbod ni dai ba na ba da shawarar gyara ta. Yau za ta tashi, bayan wata uku wayarin ya fara hauka, gilas ya ƙi sauka, birenbos, wato kwamfutar motar, ya mutu, haka za ka yi ta bi.

Amma lagireto, kik, altaneta, birki, kulochi, bamba da ta fashe, waɗannan ba sa kai mota gwangwan, gyara abinka ka ci gaba da hawa.

In ka yanke sayarwa kake yi, kar ka karɓi tayin farko. Kwance ta a sayar ɗaiɗai ya fi kawo kuɗi amma yana cin lokaci da wurin ajiya, in ba ka da haƙuri sayar da ita ɗungurungum. Sai dai ka san abin da ke jikinta kafin ciniki, akwai wata tukunya a layin salansa mai tace hayaƙi, a cikinta akwai ƙarafa masu tsada irin su filatinam, masu saye sun san da ita sarai, kai ne suke fatan ba ka sani ba. Batir da tayoyi in da sauran rai cire abinka. Ka cire lamba, ka kwashe takardunka, a rubuta takardar ciniki ku sa hannu kai da mai saye, ka sanar da hukumar rajista da kamfanin inshora cewa motar ta bar hannunka, don kar wani ya tayar da ita ya yi ɓarna da sunanka.