Darasi na 9: Maganin Rage Ƙarfin Garkuwar Jiki, da Kula da Ƙoda da Jini

Akwai cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta afka wa mai ita. Lupus na cikinsu, kuma ya fi kama mata masu shekarun haihuwa. Haka wani irin amosanin gaɓɓai, mai kumbura 'yan yatsu su sandare da safe. Likita kan rubuta maganin da zai rage wa garkuwar ƙarfi. Ga sunayen da za ka gani a jikin kwali: Methotrexate, Azathioprine, Cyclosporine, Cyclophosphamide. Suna aiki ƙwarai, sai dai suna iya taɓa ɓargo da ƙoda, mai shan su bai ji komai ba tukuna.

A cikin ɓargo ake yin jini. In magani ya danne shi, fararen ƙwayoyin jini su ragu, ƙaramin ciwo ya kwantar da mutum. Jajayen su ragu, sai kasala da haki, tafin hannu ya yi fari. In masu tsayar da jini ne suka ragu, sai haɓo, ko ka ga jini a kan asuwaki.

Methotrexate sau ɗaya ake sha a mako. A mako, ba kullum ba! Mutane sun rasa rayukansu a kan wannan kuskure. Zaɓi rana guda, in Juma'a ce to Juma'a. Ƙoda ce ke fitar da shi daga jiki. In ta raunana saboda gudawa, amai ko ƙishirwar bazara, sai maganin ya taru ya far wa ɓargo. Shi ya sa ba a haɗa shi da Septrin, kuma ba a sayen Ibuprofen ko Diclofenac a kemis ba da sanin likita ba. Mai kemis ba mugu ba ne, amma bai ga takardar gwajinka ba. Jiƙo da tsimi ma a gaya wa likita, ba abin kunya ba ne.

Cyclosporine kan taɓa ƙoda ya kawo hawan jini. Cyclophosphamide kan ji wa mafitsara ciwo, don haka ake son shan ruwa da yawa. Azathioprine ba ya shiri da Allopurinol, maganin wani ciwon gaɓɓai da ake kira gout.

Gwajin jini da na ƙoda a kai a kai ne da farko, daga baya a riƙa jinkirtawa zuwa wata 2 ko 3. Daga Gummi ko Anka zuwa Gusau akwai kuɗin mota, mun sani. Tambayi likita ko za a yi maka a asibiti mafi kusa, ka kai masa sakamakon.

Kada a kwana a gida in zafin jiki ya kai digiri 38 a ma'aunin zafi, ko an ga gyambo a baki, jini a fitsari, raguwar fitsari, ko kumburin ƙafa da fuska. Kada a ce zazzaɓin cizon sauro ne kawai.

Aikin gida: Kwafi sunan maganin daga jikin kwali. A ƙarƙashinsa rubuta ranar sha da ranar gwaji na gaba.