Babi na 6: Yadda Ake Ɗaura Furen Okid a Jikin Bishiya

Ku karanta a hankali, layi bayan layi. Wanda bai gane wata kalma ba ya ɗaga hannu, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 1: Okid ba kauci ba ne

Da yawanku masu aikin lambu a nan Jizan, ƙasar Saudiyya, kun ce mini maigida ya sayo wannan fure a tukunya, ya ce a ɗaura a bishiya, ku kuma kuna tsoron ya zama kauci. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan bishiyar. Okid ba ya shan komai daga jikinta, mazauni kawai yake nema. Irin da ake kira Dendrobium da Vanda sun fi jure zafi, su za ku nema. Ku jira sai zafin bazara ya karye, daga watan 11 zuwa watan 2.

Darasi na 2: Ɗaurin

A nan kowa yake tuntuɓe, don haka za mu daɗe.

Zaɓi mangwaro ko darbejiya mai kaushin ɓawo. Tsaya a gefen gabas, wato inda rana ke fitowa. Cire furen daga tukunya, ka karkaɗe duk abin da ke manne da saiwar. Saiwar fara ce, mai kauri kamar taliya. Manna ta a jikin ɓawon bishiya. Ba a zuba ƙasa. Saiwar okid iska take so, ƙasa tana ruɓar da ita.

Ɗauki ɗan zaren jikin dabino, wanda Larabawa ke ce wa lif, ka rufe saiwar da shi kaɗan ta waje. Kada lif ya shiga tsakanin saiwa da ɓawo. Sai ka ɗaure da tsumma mai laushi ko yankan tsohuwar safa. Ban da waya, waya tana yanka.

Yanzu taɓa shi da yatsa. Ya motsa? Kwance ka sake. Bakin sabuwar saiwa kore ne, yana da taushi ƙwarai, in iska tana kaɗa furen sai bakin ya goge a ɓawo ya mutu, ba zai kama ba har abada. Sake taɓawa. In bai motsa ba, madalla, hannunka ya iya.

Mu maimaita tare da ƙarfi: saiwa a jikin ɓawo, babu ƙasa, babu motsi.

Makon jiya na zagaya na duba ɗauri 9, guda 6 suna lilo kamar guga a bakin rijiya. Wani Baba ma ya cusa taki da laka a bayan saiwar, wai tausayinta yake ji. Haba Baba! Sau nawa zan faɗa? Wannan tausayin ne yake kashe ta. Ku koma ku kwance, ku ɗaura da kyau, ku taɓa da yatsa.

Darasi na 3: Ban ruwa

Kullum da safe. Zuba har farar saiwar ta koma koriya, alamar ta ƙoshi ke nan. Ruwan rijiya mai gishiri yana ƙona ta. Tari ruwan da ke ɗiga daga mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, a bokiti, babu gishiri a cikinsa. Ranar ƙura a wanke ganye.

Darasi na 4: Taki

Na ruwa, kaɗan ƙwarai, sau 2 a wata.

Darasi na 5: Kwance tsumma

Sai bayan watanni, in saiwa ta kama ɓawo da kanta. Kafin nan kada a taɓa ɗaurin.