Yadda Ake Kallon Hoto Mai Launi na Rayuwar Yau da Kullum

Mafi yawan hotunan da muke ratayewa a ɗakunanmu na unguwannin Nima da Mamobi a Akara na biki ne ko na Sallah, kuma abin da ido yake nema a cikinsu shi ne fuskar wanda aka sani. Amma akwai hoton da babu ango ko amarya a ciki, sai bango da laima da bokitin roba, wanda kallonsa yake buƙatar horo na daban.

Da farko, a dakata da tambayar ko wane ne a ciki. A lura da launin da ya fara jan ido, sannan a bi sawunsa. A ɗauki misalin hoton mai koko da ƙosai a bakin titin Nima da sassafe: jarkokin ruwa masu ruwan ɗorawa suna jere a hagu, can baya kuma ga tasi mai irin wannan fenti a kusurwoyinta, don haka ido zai riƙa kai-komo tsakaninsu, kuma duk lokacin da ya ratsa sai ya faɗa kan shuɗin mayafin matar da ke tsakiya. Mai hoton ya jira tasin ne kafin ya danna. Domin a gwada, a rufe jarkokin da babban yatsa, ko a mayar da hoton baƙi da fari a waya. Idan bai rasa komai ba, to launin ado ne kawai.

Daga nan sai a karanci haske. Akara tana kusa da ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, rana tana fitowa wajen ƙarfe 6 ta faɗi wajen ƙarfe 6 kusan duk shekara, shi ya sa hasken safe da na la'asar sakaliya, wanda yake sa jar ƙasa ta yi ɗumi, ba ya daɗewa. Da tsakar rana rufin kwano yakan ƙone ya yi fari fat, inuwa ta yi baƙi ƙirin. A hunturun Disamba da Janairu ƙura tana dusashe komai, bayan ruwan sama kuwa fentin shaguna yana ƙara kauri.

A duba gefen hoto ma, domin abin da aka yanke zaɓi ne. A kuma yi hattara da launin da aka zuzuta da manhaja, abin da ya yi yawa a Facebook; fatar mutum da farar riga su ne suke tona shi.

An daɗe ana raina irin wannan aiki, har sai da gidan adana zane na MoMA a New York ya baje hotuna masu launi na Ba'amurke William Eggleston a 1976, kuma ko a lokacin masu sharhi sun yi ta suka. Mu a nan muna da James Barnor, haifaffen Akara a 1929, wanda ya taɓa buɗe shagon hoto na Ever Young a unguwar Jamestown, kuma bayan dawowarsa daga Ingila ya kafa ɗakin wanke hoto mai launi na farko a Ghana. Mai son koyo ya nemi hotonsa na wata ma'aikaciyar shago riƙe da gorunan roba kala-kala, wanda aka ɗauka domin gwajin launi, ya yi masa gwajin yatsan nan gora bayan gora.