Yadda na sabunta lasisin tuƙina bayan na faɗi gwajin ido

Ina da shekara 71 lokacin da na je sabunta lasisin tuƙina, sai na kasa karanta ƙananan haruffan allon gwajin ido, aka ce sai na kawo shaidar likita. Abin ya dame ni ƙwarai, domin ni ke kai maiɗakina asibiti.

Da farko na zaci tabarau ne ya tsufa, na canza shi, amma ganin bai ƙaru ba. Likitan ido ne ya gano cewa yanar ido ce ta fara rufe idona na dama, kuma ita ce ta sa fitilun motoci ke kashe mini ido da dare, abin da na daɗe ina ɗora wa gajiya. Aka yi mini aiki, aka cire madubin cikin idon da ya dushe, aka sa na roba. Na jira mako 6 kafin a auna mini sabon tabarau, domin gani ba ya daidaita nan take, kuma duk tsawon lokacin ban taɓa sitiyari ba.

Na koma da rahoton likita, na karanta layin da ake buƙata, aka sabunta mini bisa sharaɗin tuƙi da tabarau.